Babbar Jami'ar Gwamnati ko Ta Kuɗi: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Cike Fom ɗin JAMB

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, gidaje da yawa a Katsina da Daura sukan shiga muhawara a kan inda za a tura yaro: babbar jami'ar gwamnati mai dubban ɗalibai, ko kuwa a daure a kai shi ta kuɗi, inda mutane ba su da yawa kuma karatu ba ya tsayawa. Kafin shekarar 2005 wannan muhawara ba ta da wurin zama a nan, domin babu jami'a ko ɗaya a jihar. Wanda ya ci jarrabawa sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Bayero a Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2005 aka buɗe jami'ar Musulunci mai zaman kanta wadda yau ake kira Al-Qalam. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa tata, wadda daga baya aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan da ya kafa ta. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa ta Dutsin-Ma, sannan a 'yan shekarun nan aka buɗe Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Zaɓi ya yawaita, kuma yawansa ne ya sa ake bukatar a zauna a yi lissafi.

Kuɗi ne farkon abin da kowa yake dubawa, kuma a nan jami'ar gwamnati ta yi wa ta kuɗi nisa ƙwarai. Albashin malamai da gine-gine daga baitulmali suke fitowa, saboda haka abin da ɗalibi yake biya ɗan kaso ne na ainihin abin da karatunsa yake ci. A jami'ar jiha kuma an saba sassauta wa ɗan asalin jihar fiye da wanda ya zo daga wata jiha. Gaskiya ne cewa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 jami'o'in gwamnati da dama sun ƙara kuɗin rajista, har wasu ɗalibai suka rasa yadda za su yi, amma duk da haka ratar da ke tsakaninsu da masu zaman kansu ba ta rufe ba. Akwai kuma wata dama da ɗalibin jami'ar gwamnati ne kaɗai yake da ita, wato bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Bashi ne da ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi ɗan abin kashewa a wata, kuma ba a fara neman biyansa sai shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa. Ɗalibin jami'ar kuɗi ba ya cikin wannan tsari.

Sai dai iyaye da yawa suna tsayawa a kan kuɗin rajista su manta da sauran, alhali sauran ne suke cinye aljihu a hankali. Yaron da gidansu yake Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa zai iya kwana a gida, ya ci tuwon gida, ya hau mota zuwa jami'ar jiha da ke kan hanyar Dutsin-Ma, abin da zai kashe bai wuce kuɗin mota da na kwafin takardu ba. Wanda ya fito daga Daura kuwa, mai nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina, ko daga Ɓaure ko Zango, dole ya nemi wurin kwana. Ɗakunan kwanan ɗalibai a manyan jami'o'in gwamnati ba sa isar ko kusa da yawan masu nema, don haka akasari sai an kama haya a unguwannin da ke kewaye, a biya kuɗin shekara gaba ɗaya, a sayi katifa da risho ko tukunyar gas, a riƙa sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Idan aka haɗa wannan da abinci da zirga-zirga, sai a ga cewa kuɗin makarantar ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Uban da yake kwatanta jami'o'i biyu ya kamata ya kwatanta abin da shekara guda za ta ci gaba ɗayanta, ya ninka sau 4 ko 5, ya kuma bar sarari domin hauhawar farashi.

Babban aibin jami'ar gwamnati shi ne lokaci, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutanen da ba su da wani ƙarfi sosai suke sayar da fili ko shanu domin su guje mata. A 2013 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata 6. A 2020 ta yi na wata 9, wanda ya haɗu da kullen korona. A 2022 ta fara a ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Tushen rigimar shi ne yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009 a kan albashi da kuɗin farfaɗo da jami'o'i, wadda aka daɗe ana ja-in-ja a kan cika ta. Abin da yake ɗaure wa iyaye kai shi ne yadda rigima da gwamnatin tarayya take rufe jami'ar jiha. Dalilin shi ne ƙungiyar ta ƙasa ce gaba ɗaya, rassanta na jami'o'in jihohi da yawa sukan bi umarnin uwar ƙungiya, ko da yake akwai waɗanda ba su shiga ba ko suka janye kafin lokaci. Bayan wannan kuma jami'ar jiha tana iya samun tata rigimar ta cikin gida da gwamnatin da ta mallake ta, a kan alawus ko ƙarin girma, wadda ba ruwan ta tarayya da ita.

Ɓarnar yajin aiki ba ta ƙarewa ranar da aka janye shi. Idan aka dawo, sai a matse zangon karatu domin a cim ma kalanda, abin da ya kamata a koyar a mako 15 a dunƙule shi cikin 'yan makonni, a shiga jarrabawa ɗalibi bai narkar da komai ba. Waɗanda aka ba gurbi kuma sai su taru rukuni biyu suna jiran shiga, aji ya ƙara cika. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 domin digirin shekara 4 ya ga abokinsa na sakandare da ya shiga ta kuɗi ya gama, ya yi hidimar ƙasa, shi yana nan. Wannan jinkiri yana da farashi na zahiri. Wanda ya kammala digiri bayan ya wuce shekara 30 ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, sannan aikin soja da na 'yan sanda da bankuna da dama suna da iyakar shekarun da suke ɗauka. Ga yaron da ya gama sakandare yana ɗan shekara 17, asarar shekara guda ba ta rusa komai. Ga wanda ya fara makara, wataƙila saboda ya yi shekaru a makarantar allo kafin ya shiga boko, ko ya zauna yana maimaita JAMB, shekara guda tana iya rufe masa ƙofa. Haka nan yarinyar da aka yi wa baiko aka ce sai ta gama za a ɗaura aure, kowane yajin aiki yana jefa gida biyu cikin tsaka mai wuya.

Ta fuskar malamai kuwa, mutane da yawa suna da fahimtar da ta saɓa wa gaskiya, suna zaton inda aka fi biyan kuɗi nan ne manyan malamai suke. Mafi yawan farfesoshi da daktocin ƙasar nan a jami'o'in gwamnati suke, kuma ƙananan jami'o'i masu zaman kansu sukan aro su ne daga can, ko dai a matsayin malaman ziyara ko a shekarar hutun da ake ba malamin jami'a domin bincike. Ba abin mamaki ba ne ka ga malami ɗaya yana koyar da darasi iri ɗaya a jami'ar gwamnati ranar Litinin, ya koyar da shi a ta kuɗi ranar Alhamis. Akwai kuma asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana karɓar haraji daga ribar kamfanoni yana zubawa a manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi. Duk wanda ya zaga harabar jami'ar gwamnati zai ga sunan asusun a jikin manyan ɗakunan lacca da ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, kuma da kuɗinsa ake tura malamai ƙaro karatu. Jami'a mai zaman kanta ba ta samun ko sisi daga nan, duk abin da za ta gina daga kuɗin ɗalibai ko aljihun masu ita zai fito.

Matsalar ita ce samun malami a jami'a daban, samun hankalinsa daban. A aji ɗaya na babbar jami'a, musamman a darussan gama-gari da kowane sashe yake ɗauka, ɗalibai ɗaruruwa ne suke cika ɗaki, wasu a zaune a kan taga, wasu a tsaye a baya, idan wuta ta ɗauke lasifika ta mutu na baya ba ya jin komai. Malamin ba zai san sunan yaro ba, ba zai lura da ranar da bai zo ba, ba zai gane cewa ya daina fahimta tun mako na uku ba. Takardun jarrabawa suna da yawa, don haka sakamako yakan yi jinkiri, wani lokaci maki ya ɓace a tsakanin sashe da ofishin jarrabawa, ɗalibi ya yi ta sintiri kafin a gyara, in bai bi ba ya tarar an rubuta masa faɗuwa a darasin da ya ci. A shekarar ƙarshe malami ɗaya yakan duba aikin bincike na ɗalibai da yawa a lokaci guda. Babbar jami'a kamar ranar kasuwar Mai'aduwa take: babu abin da ba a kawo ba, amma ba wanda zai kama hannunka ya kai ka rumfar da kake nema. Yaron da yake da naci, wanda zai bi malami ofis da tambaya, ya shiga ɗakin karatu ba tare da an ce ya shiga ba, ya haɗa kai da 'yan ajinsa su yi bita, zai fita da ilimin da ya fi na takwaransa na jami'ar kuɗi. Yaron da tun sakandare sai an tsaya a kansa yake buɗe littafi zai iya shekara biyu yana tara darussan da ya faɗi, iyayensa ba su sani ba sai ranar da aka sallame shi. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda iyaye suka fi ƙin faɗa wa kansu gaskiya a kansa, domin kowa yana ganin ɗansa mai ƙoƙari ne.

Ƙaramar jami'a tana da amsar wannan matsala. Ajin da bai wuce mutum 40 ko 50 ba yana ba malami damar sanin kowa, ana ɗaukar sunan waɗanda suka halarta, sakamako yana fita da wuri, uba yana iya zuwa ya ga shugaban sashe ya ji halin da ɗansa yake ciki. Amma ita ma tana da nata rauni, domin makarantar da take rayuwa da kuɗin ɗalibai ba ta son rasa ɗalibi, kuma wannan yana iya sa a yi sassauci inda ya kamata a tsaurara. Ba duka suke haka ba, sai dai mai zaɓe ya tambayi waɗanda suka gama can, ya kuma duba ko malaman sashen na dindindin ne ko na aro.

Fannin da yaro yake so shi ma yana iya yanke hukunci tun kafin a zo maganar kuɗi. Likitanci da injiniyanci da harhaɗa magunguna da likitancin dabbobi da aikin gona suna bukatar asibitin koyarwa da injuna da gonar gwaji, abubuwan da tsofaffin jami'o'in gwamnati suka tara cikin shekaru masu yawa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da cibiyar binciken aikin gona a Samaru da ta dabbobi a Shika, kuma babu sabuwar jami'ar da za ta gina irin wannan cikin shekara 10. Fannonin da littafi da malami da kwamfuta suka ishe su, irin su lissafin kuɗi, tattalin arziki, harsuna, nazarin addinin Musulunci da kimiyyar kwamfuta, ƙaramar jami'a mai tsari tana iya koyar da su yadda ya kamata. Ko wace iri ce aka zaɓa, abin da ba a wasa da shi shi ne tantancewar hukumar NUC mai kula da jami'o'in ƙasar nan, kuma fanni-fanni ake yin ta, jami'a tana iya zama da izini alhali wani sashe nata bai samu cikakkiyar amincewa ba. Wasu fannonin kuma suna da hukuma ta biyu a kansu: majalisar likitoci ga likitanci, majalisar koyar da aikin lauya ga shari'a, majalisar kula da aikin injiniya ta COREN ga injiniyanci. Waɗannan biyun na farko suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta yaye, kuma idan jami'a ta ɗiba fiye da kasonta, yaro yana iya gama shekara 5 na karatun shari'a ya zauna jiran gurbi a makarantar horar da lauyoyi. Masu tunanin tsallaka iyaka domin digiri mai sauri su tuna cewa a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo.

Samun gurbin shi kansa wani tudu ne. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiharta take fifitawa, tana kuma ƙoƙarin taɓa kowace ƙaramar hukuma daga cikin 34 da ake da su. Duk da haka masu neman likitanci da shari'a da aikin jinya sun ninka guraben sau da yawa, don haka abin da ya fi faruwa shi ne a ba yaro gurbi a fannin da bai nema ba, ya nemi likitanci a ba shi nazarin halittu ko sinadarai. Mutane sukan ce ya karɓa daga baya ya canza, amma canjin sashe zuwa irin waɗannan fannoni abu ne mai wuya, ba a gina shiri a kansa. A jami'ar kuɗi yawanci yaro yana samun abin da ya nema muddin ya cika sharuɗɗa kuma fannin yana nan.

Akwai wata riba ta babbar jami'a da ba ta fitowa a takardar sakamako. Yaron da ya tashi a Daura bai taɓa zama da kowa ba sai Bahaushe da Bafulatani, a Zariya ko Kano ko Dutsin-Ma zai zauna aji ɗaya, wataƙila ɗaki ɗaya, da Bayarabe da Tibi da Igala da Babarbare, ya koyi yadda ake muhawara da wanda bai yarda da shi ba, ya gyara Turancinsa dole. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi da siyasar ɗalibai duk makarantu ne a cikin makaranta, kuma 'yan ajin nan masu yawa su ne gobe za a tarar a ma'aikatu da bankuna da kotuna. Jami'ar jiha ba ta kai ta tarayya cakuɗuwa ba, tunda galibin ɗalibanta 'yan gida ne, amma ga wanda yake da niyyar yin aiki a cikin jihar wannan ma riba ce.

'Yancin da yake kawo wannan riba shi ne kuma yake tsorata iyaye, musamman a kan 'ya'ya mata. A babbar jami'a ba mai tambayar inda ɗalibi ya kwana, kuma gidajen haya na wajen makaranta ba su ƙarƙashin ikon hukumarta. Shaye-shaye da miyagun abokai suna samun yaro a nan cikin sauƙi. Maganar tsaro ma ta shigo cikin lissafi a jiharmu, domin a watan Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 5 na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Saboda haka tambayar inda yarinya za ta kwana, da hanyar da za ta riƙa bi zuwa gida lokacin hutu, ta cancanci a amsa ta kafin a zaɓi jami'a. Inda za ta iya zuwa daga gidan iyayenta ko na wani ɗan'uwa amintacce, ko ta samu ɗaki a cikin harabar makaranta, yawancin wannan damuwa ta kau. Jami'ar kuɗi mai tsarin addini tana sa ido a kan sutura da shige da fice fiye da ta gwamnati, ko da yake katanga ba ta canza halin da yaro ya zo da shi daga gida.

Idan aka ɗora duk waɗannan a sikeli, ra'ayina shi ne mafi yawan gidajenmu jami'ar gwamnati ta fi dacewa da su, kuma bai kamata a ɗauke ta a matsayin zaɓin wanda ya rasa yadda zai yi ba. Mazaunin birnin Katsina da kewaye wanda fannin da yake so yana jami'ar jiha da cikakkiyar amincewar NUC, da wuya ya samu lissafin da ya fi wannan sauƙi. Mai maki mai yawa da yake neman fannin da ke bukatar kayan aiki ya gwada tsofaffin jami'o'in tarayya, ya sa ta jiha a matsayin madogara. Jami'ar kuɗi ta fi dacewa da mutum uku: wanda shekaru suka fara tafiya kuma ba zai iya asarar ko zango ɗaya ba, yaron da aka san sai da sa ido yake karatu, da wanda ya nemi gurbi a ta gwamnati ya rasa har zaman gida ya fara lalata shi. Su ma da sharaɗin cewa kuɗin shekarun gaba ɗaya yana da tushe tabbatacce, kamar albashi ko kasuwancin da ya kafu. Wanda ya sayar da gona ya biya shekarar farko yana fatan Allah zai kawo ta biyu ya jefa yaron cikin haɗarin da ya fi yajin aiki, domin idan kuɗi ya yanke a aji biyu ko uku, komawa jami'ar gwamnati sai an samu gurbi a sashen, sai tsohuwar makarantar ta saki takardar sakamakonsa, wadda ba ta saki sai an biya bashin da take bi, kuma sau da yawa sai an mayar da shi baya da aji guda ko ya sake rubuta JAMB daga farko.